Wa Ya Karya Yatsan Tela?

Saura mako biyu Babbar Sallah wani tela a unguwarmu ya wayi gari da kumburarren ɗan yatsa. Yatsan zobe ne na hannun dama, ya cika ya yi suntum tun daga gindi har gaɓar tsakiya. Bai faɗi ba, ba wanda ya buge shi, ƙofa ba ta datse shi ba, allurar keke ma ba ta taɓa shi ba. Duk wanda ya tambaye shi amsa ɗaya yake ba shi: "Wallahi ɗan zogi kawai na ji da dare, da safe na gan shi haka." Mutum ne ɗan shekara 30 da 'yan kai, lafiyayye, ga shaddodin mutane jibge a shago, kowa da ranar da aka yi masa alkawari.

Abu na farko mai amfani matarsa ce ta yi shi, tun kafin kowa ya san me ake ciki. Da ya yi ƙorafin zogin a daren, ta ɗauko sabulu da ruwa ta zare masa zoben azurfar da ke yatsan. Da zoben ya kwana a wurin, da safe sai dai a yanka shi, domin zobe a kumburarren yatsa shaƙe hanyar jini yake yi, kumburin ya ƙaru, kumburin kuma ya ƙara matse zoben. Wannan kaɗai yana iya sa a rasa yatsa.

Waɗanda aka fara zargi

Ciwon da ba a san asalinsa ba ba ya rasa masu suna. Maƙwabcin shagonsa mai gyaran waya ya ce ɗankarkare ne, a nemo lemon tsami a cusa yatsan. Amma ɗankarkare kan yatsa yake kamawa, kusa da farce, wurin ya yi ja ya yi zafi yana bugawa, bayan kwanaki ya tara mugunya. Kan yatsan telan kuwa lafiya lau yake, a gindi ciwon ya zauna.

Mahaifiyarsa ta ce sanyi ne, tun da kwana yake yi a gaban fanka yana ɗinki. Shi ma wannan bai zauna ba. Sanyin ƙashi gaɓoɓi yake bi, yawanci fiye da ɗaya, kuma a hankali yake shigowa. Nan kuwa idan an danna gaɓar ba ya jin komai sosai, sai an danna tsakiyar ƙashin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa yake zabura. A rana ta uku kuma wata alama ta fito wadda sanyi ba ya kawo irinta: cikin yatsan, ta ɓangaren tafi inda fata take da haske, ya yi duhu. Jini ne ya taru a ƙarƙashin fata, kuma jini ba ya barin hanyarsa sai wani abu ya yage ko ya karye.

An ambaci kunama, aka tuna ba wanda ke yin barci bayan harbinta. Har aka fara raɗe-raɗin jifa, wai lokacin kasuwa ne, mai sana'a ba ya rasa mahassada. Telan ya ce shi bai zargi kowa ba, ya yi addu'o'insa ya bar wa Allah.

Abin lura shi ne, karaya ce aka fara sallama tun ranar farko, kuma da gwaji ɗaya tak. Wani dattijo a majalisa ya ce, "Motsa shi mu gani." Telan ya cije ya ɗan lanƙwasa yatsan. Dattijon ya ce, "To ka gani. Da karaya ce da bai motsu ba."

Wannan magana ta nakasa yatsu masu yawa, saboda haka ya kamata a tsaya a kanta. Hannun mutum yana da ƙasusuwa 27: takwas a tsintsiyar hannu, biyar a tafi, 14 a yatsu, wato uku-uku a kowane yatsa, ban da babban yatsa mai biyu. Tsokar da ke lanƙwasa yatsa da miƙe shi ba a cikin yatsan take ba. Mafi yawanta tana can sama tsakanin gwiwar hannu da tsintsiya, kaɗan kuma a cikin tafi. Dogayen jijiyoyi ne suke tahowa daga can, su bi ta ciki da bayan yatsa su manne a ƙasusuwansa. Matuƙar waɗannan jijiyoyi ba su tsinke ba, idan tsoka ta ja, yatsa zai amsa, ko da ƙashin da ke tsakiya ya rabu biyu. Ga kuma wani tantani mai ƙarfi da ya lulluɓe ƙashi, wanda sau da yawa yake riƙe gutsattsarin a wuri ɗaya. Motsi shaida ne cewa jijiya tana nan. Ba ya cewa komai game da ƙashi.

Yatsan da ke miƙe a buɗe, karkatacce a dunƙule

Da ciwon ya hana shi riƙe komai, aka kai shi wurin wani tsoho mai ɗori, mutumin da ya gaji sana'ar kuma unguwa ta yarda da shi. Tsohon ya lalube yatsan ya ce gaɓa ba ta goce ba, ko dai targaɗe ne mai tsanani ko ƙashin ya ɗan tsage. Ya shafa magani, ya jera kara, ya ɗaure yatsan a miƙe. Bai matse ɗaurin ba, kuma ya bar kan yatsan a waje domin a riƙa ganin launinsa. Wannan taka-tsantsan ba ƙaramin abu ba ne. Likitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa da hannaye da ƙafafun da ɗauri mai tsanani ya kashe, har aka kai ga yankewa.

Bayan mako guda kumburin ya saɓe. Aka kwance kara, yatsa ya fito a miƙe sambal, tsawonsa daidai da na ɗaya hannun. Kowa ya yi hamdala. Telan ya wuce shago kai tsaye ya ɗauki almakashi.

A nan asirin ya fara tonuwa. Babban almakashin tela kunne biyu gare shi, ƙarami na babban yatsa, babba na sauran yatsu. Da ya zura yatsunsa ya matse, sai yatsan zoben ya ƙi kwanciya a gefen ɗan'uwansa, ya haye kan na tsakiya ya danne shi. Ya buɗe hannu, yatsa ya koma ya miƙe ba wani aibu. Ya sake dunƙulewa, ya sake hawa. Har dare bai iya yanka yadi ɗaya a layi ba.

Ya koma wurin tsohon. Shi kuma ya sa shi ya buɗe ya rufe, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ya wuce hannuna. Je ka asibiti a yi maka hoto, kada ka bari ya kwana." Na girmama tsohon nan saboda wannan magana, domin sanin iyakar abin da hannunka zai iya shi ma ilimi ne.

Abin da likita ta gani kafin hoto

Washegari ya tafi asibiti tare da yaron shagonsa, wanda ya ɗauke shi a babur. Likitar da ta gan shi ba ta fara da takardar hoto ba. Ta sa aka wanke hannun tas da sabulu har baƙin maganin ɗorin ya fita. Sannan ta ce, "Malam, miƙo mini hannayenka biyu, ka nuno ni da kan yatsun."

Ta sunkuya ta dubi faratan ta gaba. A hannun hagu, faratan huɗu sun jeru a shimfiɗe, fuskarsu ɗaya. A na dama, farcen yatsan zobe ya ɗan kwanta gefe guda. Karkatar ba ta da yawa, wanda bai je nemanta ba ba zai gan ta ba.

Ta ce ya dunƙule hannu, zafi ya hana shi kaiwa ƙarshe. Sai ta ce ya saki hannun gaba ɗaya, ta kama tsintsiyar ta tanƙwara ta baya a hankali. Yatsun suka lanƙwashe da kansu, domin tanƙwara tsintsiya baya yana jan jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu ko mutum bai yi niyya ba. Uku suka sauko a jere, na zoben ya ratse ya hau na tsakiya. Ta yi masa bayani: lafiyayyun yatsu huɗu idan aka lanƙwasa su, dukansu wuri ɗaya suke nunawa, wani ɗan tudun ƙashi a tsintsiyar hannu ta ɓangaren babban yatsa. Akwai mutanen da ƙaramin yatsansu ke ɗan shiga ƙarƙashin na zobe tun haihuwa, shi ya sa ake gwada hannu biyu. Nasa na hagu bai da wannan hali.

Ta danna farcen ya yi fari, ta saki, jini ya dawo nan take. Ta shafa gefe da gefen yatsan ta tambaye shi ko yana ji daidai, ya ce yana ji. Hanyoyin jini da na ji sun tsira ke nan. Daga ƙarshe ta ɗan tura kan yatsan zuwa gindinsa, telan ya yi salati. Zafin ba inda ta taɓa ya fito ba, a can tsakiyar ƙashin farko ya tashi.

Ta ce, "Ƙashin nan a karye yake, kuma ya juya. Hoto zai gaya mana yadda karayar take."

Dalilin da ya sa ɗori a miƙe ya ɓoye matsalar ya fito fili. Idan guntun ƙashi ya juya a inda yake, bai gajarta ba kuma bai karkace ba, yatsan da ke miƙe zai ci gaba da nuna gaba. Amma gaɓoɓin yatsa biyu na sama fuska ɗaya kawai suke lanƙwasuwa. Idan ƙashin da ke ɗauke da su ya juya, fuskar lanƙwasar ma ta juya, sai kan yatsa ya sauka inda ba wurinsa ba. Juyi kaɗan a gindi yakan zama ratse babba a kai. Duk wanda ya duba yatsan a buɗe kaɗai, ko mai ɗori ne ko likita, zai iya sallamar sa a matsayin lafiyayye.

Abin da hoto ya ƙara

Ta rubuta a ɗauki yatsan shi kaɗai ta fuska uku: ta gaba, ta gefe, da a karkace. Tun shekarar 1895 da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi, hannu ne farkon abin da duniya ta gani da shi, domin hoton da ya fara shahara na hannun matarsa ne, har da zobenta a yatsa. Amma hoto ɗaya inuwa ce ta ɓangare ɗaya, karaya tana iya laɓewa a cikinta. A hoton gaba na telan, wani siririn layi kawai aka gani, ƙashin yana zaune daram. A na karkace ne karayar ta bayyana: doguwa ce, ta faro daga gefe ɗaya kusa da gindi, ta zagaya jikin ƙashin tana hawa, ta ƙare a ɗaya gefen kusa da gaɓar tsakiya.

Likitar ta ɗaga hoton ta ce, "Malam, ka san rake. Idan ka sa shi a gwiwa ka karya, a gicciye yake rabuwa. Idan ka kama shi da hannu biyu ka murɗa, tsagewa yake yi a zagaye. Haka ƙashi yake. Duka yana karya shi a gicciye, abu mai nauyi yana farfasa shi, murɗawa kuwa ita ce ke barin irin wannan layi. Yatsanka murɗe shi aka yi. Wa ya murɗe shi?"

Ya ce, "Likita, ni ban yi faɗa da kowa ba, ban yi kokawa ba."

Ta ce ba don son jin labari take tambaya ba. Ƙashin lafiyayyen matashi ba ya karyewa yana barci. Idan aka rasa sanadi, dole a koma a binciki ƙashin kansa, ko wani abu ne ya ci shi ta ciki har ya raunana. Akwai wani ƙari na guringuntsi da ke tsirowa a cikin ƙashi, likitoci suna kiransa enkondiroma. Yawanci ba mai yaɗuwa ba ne, kuma shi ne ƙarin da aka fi samu a ƙasusuwan hannu. Sau da yawa mai shi bai san da shi ba sai ranar da yatsa ya karye a wurin wani ƙaramin aiki. Ta tambaye shi ko yana da sikila, ko ciwon suga, ko ya taɓa yin gyambo a hannun, ko yana shan taba. Duk ya ce a'a. Ta sake duba hoton da kyau, ba rami ba kumburi a cikin ƙashin, kaurinsa daidai. Ƙashi lafiyayye, karaya ta murɗa, mai yatsa kuma ya rantse ba abin da ya same shi.

Shaidar da magani ya rufe

Ta koma kan hannun da aka wanke, ta juya shi a gaban haske. A gefen yatsan, ƙasa kaɗan da inda zobe ke zama, akwai wani siririn tabo da ya fara bushewa. Ya taso daga gefe ya bi ta bayan yatsan a karkace, kuma akwai ɗan guntun irinsa a bayan ƙaramin yatsa. Ba yankan reza ba ne, ba ƙuna ba ce, ƙujewa ce ta abin da ya goge fata da gudu. Kumburi ya ɓoye shi a kwanakin farko, baƙin magani ya ɓoye shi daga baya.

Ta ce, "Me ka naɗa a yatsun nan? Zare? Waya? Igiya?"

Telan yana girgiza kai, sai yaron shagon da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Maigida, ragon fa?"

Ranar Juma'ar da ta gabaci kumburin, sun je kasuwar Wudil sun sayo ragon layya tun farashi bai tashi ba. Da a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida bayan magariba, telan ya naɗe igiyar ragon a yatsunsa biyu domin ya sami damar miƙa wa direba kuɗi da ɗaya hannun. Yara suka yi ihun murna, ragon ya firgita ya yi tsalle daga motar ta gefe, ya fizgi igiyar. Yaron ya ce ya ji maigidansa ya ce "wash" ya yarfe hannu, sannan duk suka bi rago da gudu har bayan masallaci.

Telan ya riƙe baki. Ya ce ya tuna ya ji ɗan ƙas, amma ya ɗauka irin ƙarar da yatsa ke yi ce idan an ja shi. Likitar ta ce haka abin yake faruwa. Lokacin firgici da gudu jiki yana danne zafi, kumburi kuma sa'o'i yake ɗauka kafin ya cika. Shi kuma da aka tambaye shi, faɗuwa da duka yake nema a ransa, bai lissafa igiya cikin abin da ke karya ƙashi ba. Rago ya ja ta gefe, igiya ta riƙe yatsa, ƙarfin ya zama murɗa. Tabon, layin hoton da labarin yaron duk suka haɗu a wuri ɗaya, zargin ciwo a cikin ƙashi kuma ya faɗi.

Gardamar lokaci

Telan ya ce, "To Likita, a bari bayan Sallah mana. Kayan mutane ne a wuyana."

Ta ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Malam. Yau kusan kwana 10 ke nan."

Ƙashi ba ya jiran kowa. Daga ranar da ya karye jini ke taruwa ya daskare a wurin. Cikin mako biyu zuwa uku wannan gudan jini ya zama wani abu mai danƙo irin guringuntsi, ya haɗe ɓangarorin biyu, daga nan ya yi ta tauri har ya zama ƙashi. Duk yadda ya tarar da su haka zai haɗe su, a daidai ko a juye. Yara ƙashinsu yakan gyara 'yar karkata da kansa yayin girma, amma juyi ba ya gyaruwa ko a yaro, balle babba. Idan aka bari ya kama a haka, sai an sake yanka ƙashin a tiyata an juyo shi, aikin da ya fi wuya, ya fi tsada, kuma ya fi barin yatsa a sandare.

Ba kowace karayar yatsa ce ke kaiwa ga tiyata ba, mafi yawansu ma ba sa kaiwa. Wadda ba ta goce ba kuma ba ta juya ba, sau da yawa ya isa a haɗa yatsan da maƙwabcinsa da filasta, a sa 'yar auduga a tsakani, lafiyayyen ya zame masa madogara na mako uku zuwa huɗu yana ɗan motsawa. Amma karayar murɗa santsi gare ta, ko an juyo ta daidai tana iya zamewa ta koma. Saboda haka aka yi masa allurar kashe zafi a hannun, likitan ƙashi ya ja yatsan ya juyo shi yana kallo a na'urar hoto, ya soka siraran ƙarafa biyu ta fata suka riƙe ƙashin. Wani likitan Jamus, Martin Kirschner, shi ya fito da irin waɗannan ƙarafa a 1909, kuma har yau da sunansa ake kiransu. Kafin a naɗe hannun sai da aka sake tanƙwara tsintsiyar aka ga yatsu huɗu sun sauko a jere.

Ɗaurin da aka yi masa ya sha bamban da na kara. An ɗan ɗaga tsintsiya baya, an lanƙwasa gaɓoɓin gindin yatsu sosai, an bar na sama a miƙe. A wannan zama ne jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi suke a miƙe, ba sa samun damar tsukewa. Aka ce ya riƙa ɗaga hannun sama da ƙirjinsa ko a barci, kada ruwa ya taɓa bakin ƙarafan, ya yi taimama ko shafa yadda malamai suka yi bayani, ya sha farasitamol idan zafi ya taso. Idan kuma ya ga yatsan ya yi fari ko baƙi, ya yi sanyi, ya mutu ba ya ji, ko ruwa mai wari na fita, ya dawo ko da tsakar dare ne. Kayan Sallah kuwa abokan sana'arsa biyu suka raba suka ɗinke.

Tambayar da ta biyo baya

Bayan kusan mako huɗu aka zare ƙarafan. Ƙashi ya kama, ba zafi idan an danna, faratai sun jeru. Amma yatsan ya ƙi lanƙwasuwa ko rabi. Hoton da aka sake yi kuma ya nuna layin karayar yana nan. Hankalin telan ya tashi, ya ce ko aikin bai yi ba ne.

Likitar ta raba masa abin biyu. Layin hoto ba abin tsoro ba ne, domin ƙashin yatsa yana kamawa tun kafin hoto ya nuna, layin yakan yi watanni bai ɓace ba. Sandarewar ce abin yaƙa. Jijiyar da ke miƙe yatsa a shimfiɗe take a bayan ƙashin farko, masu lanƙwasa shi kuma suna bi ta cikinsa a wani matsattsen kwaroro. Jinin karaya da kumburi idan suka daɗe ba motsi, sai su manne jijiyoyin da ƙashi, gaɓar tsakiya kuma tana cikin gaɓoɓin da suka fi saurin sandarewa a jiki. Wannan ne ya sa likitocin hannu ba sa son yatsa ya wuce mako uku zuwa huɗu a ɗaure, sai da dalili mai ƙarfi. Mutane da yawa da ke cewa karaya ta nakasa musu yatsa, ƙashin ya warke sarai, doguwar ajiya ce ta ci su.

Aka tura shi sashen gashin ƙashi. Aka koya masa ya jiƙa hannun a ruwa mai ɗumi, ya riƙe gindin yatsan ya lanƙwasa gaɓa ɗaya-ɗaya, ya yi ƙugiya da yatsu, ya dunƙule, ya buɗe, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, ba tare da wani ya kama ya tanƙwara masa da ƙarfi ba. Ya bi abin da gaske. Kafin wata uku ya koma yanka shadda, ko da yake gaɓar ta daɗe tana da ɗan kauri, wanda shi ma al'adar wurin ce.

Sauran masu ɓad da kama

Yatsan telan ba shi kaɗai ne ke yaudarar mutane ba. Idan ƙwallo ta bugi kan yatsa, gaɓar ƙarshe ta langaɓe ta ƙi miƙewa da kanta, jijiyar baya ce ta tsinke ko ta ɓalle da ɗan guntun ƙashi. Maganinta a tallafe wannan gaɓa a miƙe mako 6 zuwa 8 ba tare da ta lanƙwashe ko sau ɗaya ba, in ta lanƙwashe an koma farko. Idan kuma yatsa ya maƙale a rigar wani aka fizge, mutum ya kasa lanƙwasa gaɓar ƙarshe, jijiyar ciki ce ta ɓalle, an fi ganin haka a yatsan zobe, kuma tiyata take buƙata cikin kwanaki kaɗan. Wanda ya naushi bakin wani ya sami ɗan rauni a kan ƙashin dunƙule, kada ya raina shi, ƙwayoyin cutar baki suna shiga gaɓa su lalata ta. Yaron da ƙofa ta datse, gindin farcensa ya ɗago, ana iya samun karaya a buɗe a ƙarƙashi, daidai wurin da ƙashi ke girma, tana buƙatar wanki a asibiti da duba rigakafin tetanus. Jaririn da yatsunsa na hannu ko na ƙafa suka kumbura yana ta kuka ba tare da rauni ba, a yi masa gwajin sikila, domin sau da yawa ta nan take fara bayyana, kuma ɗori ba abin da zai ƙara masa sai azaba.

Abin da ake bukata a sa'o'in farko kaɗan ne, kuma kowa zai iya. A cire zobe nan take. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, kada a gasa da ruwan zafi ko a murza da man zafi a ranakun farko. A ɗaga hannu, a haɗa yatsan da na kusa da shi sako-sako, kada a bari kowa ya ja shi. Sannan a dubi faratai ta gaba, a lanƙwasa yatsu a gwada da ɗaya hannun. Idan farce ya kwanta, ko yatsa ya hau ɗan'uwansa, ko ƙashi na zafi a wuri ɗaya, a nemi hoto cikin kwana ɗaya ko biyu. Mutanen Kano da kewaye suna da Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959, manyan asibitocin jihohi ma suna da likitocin ƙashi, kuɗin hoto kuma bai kai asarar sana'ar wata ɗaya ba.

Igiya kuwa, ta rago ce ko ta saniya ko ta guga, a tafi ake riƙe ta, yadda idan an fizga za ta zame ta tafi. Yaranmu ne suka fi jan dabbobi a kwanakin layya, kuma su ne suka fi naɗe igiya a yatsu don kada rago ya ƙwace. A nuna musu riƙon da hannu, a kuma gaya musu cewa idan dabba ta fi ƙarfinsu su sake ta, za a kamo.